Alheri, Addu'a da Zumunta: Tarihin Hausar Ikkilisiya

1. Gabatarwa

Cikin harshen Hausa akwai wani reshe wanda masu nazari ba su cika waiwayarsa ba, watau Hausar da Kirista ke ibada da ita. Masu amfani da ita suna da yawan gaske, tun daga ƙasar Maraɗi har gaɓar Binuwai, ko da ya ke mafi yawansu ba Hausawa ba ne haihuwa. Da ita su ke karatun Littafi Mai Tsarki, da ita su ke waƙa, da ita kuma su ke roƙon Allah a ɗakin majiyyaci da bakin kabari. Waɗansu malamai suna yi mata kallon Hausar baƙi, su ce ai Hausar mishan ce, ba ta isa a sa ta cikin darasi ba. Alhali kuwa tarihinta ya haura shekara 150, kuma yana haɗe da tarihin rubutun boko kansa, gama mutumin da ya fara tsara nahawu da ƙamus na Hausa shi ne ya fara juya Linjila cikinta.

Abin da wannan maƙala ke nufin nunawa shi ne, kalmomin da ikkilisiya ta gina ibadarta a kansu a bakin Hausawa ta same su, yawancinsu kuwa Musulunci ne ya kawo su daga Larabci tun ƙarnukan da suka wuce. Masu fassara suka zaɓa suka sa cikin littafi. Amma nauyin da kalmomin nan ke da shi a zuciyar Kirista ya samu ne daga baya, cikin zaman jama'a, wurin jinya da rashi da baƙunci. An ɗauki kalmomi uku don a bi sawunsu: alheri, da addu'a, da zumunta.

2. Ƙasar da aka rufe ƙofarta

Kafin a shiga zancen kalmomi, ya kamata a san dalilin da ya sa wannan Hausa ta girma a gefen ƙasar Hausa, tsakiyarta kuwa sai daga baya ta iso. A ɗauki kudancin Sakkwato misali. Tambuwal gari ne na zamanin jihadi. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ne ya zauna can, ya riƙe shi ribaɗi mai fuskantar Kabawa, zuriyarsa kuma suka ci gaba da sarautar garin. Kebbe tana kudu da nan, wajen iyakar ƙasar Gummi. Duk yankin ƙasar malamai ce da makarantun allo, inda yaro kan san alheri da addu'a da tuba tun bai iya riƙe alƙalami ba.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris 1903, Gwamna Lugga ya tsaya gaban manyan ƙasa ya yi alkawari gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addini ba. Razdanonin da suka biyo baya suka ɗauki alkawarin nan da nufin kada a bar masu mishan su kafa zama cikin ƙasashen sarakunan Musulmi sai da yardar sarki da ta gwamnati, yardar nan kuwa ba ta cika samuwa ba. Saboda haka ƙasar Sarkin Musulmi, da Tambuwal da Kebbe a cikinta, ta yi shekara talatin da 'yan kai ƙofarta a rufe gare su.

Can kudu kuwa an bar su. A ƙasar Zuru da Salka, inda Dakarkari da Kambari su ke, 'yan mishan na U.M.S. sun zauna tun shekarun 1920. Haka kuma S.I.M. da S.U.M. suka bazu cikin kudancin Zazzau da Filato da Binuwai. Harsunan wuraren nan suna da yawa ƙwarai, ba mai iya fassara littafi cikin kowane, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na mulki. Sai masu mishan suka ɗauke ta ta zama harshen makaranta da na majami'a. Ta haka aka wayi gari waɗanda suka fi yawan karanta Linjila da Hausa su ne waɗanda suka koyi Hausar da girmansu.

3. Masu fassara da zaɓensu

Aikin ya fara ne a hannun J. F. Schön, wani Bajamushe ma'aikacin C.M.S., wanda ya hau Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya fara koyo daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, sa'an nan ya sami babban taimako wurin Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda Barth, Baturen nan matafiyi da a ke kira Abdulkarim, ya tafi da shi Ingila cikin 1855 tare da Abbega. Daga 1857 Schön ya fara fid da sassan Littafi Mai Tsarki. Ya buga nahawu cikin 1862, ƙamus cikin 1876, Sabon Alkawari cikin 1880, sa'an nan Magana Hausa cikin 1885, inda labarin rayuwar Dorugu ya ke.

Na biyu shi ne Likita Walter Miller. Ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata, ya shigo cikin 1900 tare da Bishop Tugwell, suka kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Cikin 1905 Miller ya sami zama a birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mishan ɗin kuma ya daɗe can kafin a mai da shi Wusasa cikin 1929. Shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyin fassarar da ta fito cikakkiya cikin 1932, da taimakon Hausawan da ke tare da shi da 'yan waɗansu mishan. Fassarar da ta gaje ta ta fito cikin 1979.

In an duba zaɓen da masu fassara suka yi, za a ga ya kasu uku. Na farko, kalmomin da suka karɓa yadda suka same su: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura, tuba, gafara, wa'azi, azumi. Mabiyan Yesu aka kira su almajirai, waɗanda ya aika aka kira su manzanni, ushirin da a ke fitarwa aka kira shi zakka. Na biyu, kalmomin da suka kauce wa, domin sun ga sun riga sun zama alamar Musulunci: salla, da masallaci, da imani. Na uku, waɗanda suka sa a gurbinsu. Wurin taro ya zama majami'a, sunan wuri mai ɗafa-goshin ma-, ginin makaranta da mahauta da majema. Jama'ar masu bi ta zama ikkilisiya, aro daga Helenanci. A gurbin imani kuwa aka sa bangaskiya, wadda gininta na Hausa ne tsantsa, ɗaya da na ban kwana da ban girma da ban ruwa, watau ba da gaskiya. Sunan Isa ma an bar shi aka ɗauki Yesu. Fassarar 1932 ta haɗa shi da Kristi, ta 1979 ta mai da shi Almasihu, ta komo kusa da kunnen Bahaushe.

4. Alheri

Kalmar da ta fi kowace nauyi cikin koyarwar Kirista ita ce wadda Helenanci ke kira karis, wadda Manzo Bulus ya gina wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Afisawa a kanta. Manufarta ita ce Allah yana ceton mutum kyauta, ba don mutumin ya cancanta ba, ba kuwa ladan wani aiki da ya yi ba ne. Hausa tana da kalmomi da dama da za a iya ɗauka, kamar ni'ima da rahama da falala. Masu fassara suka zaɓi alheri.

Asalin kalmar Larabci ne, al-khairu, Hausa ta haɗiye ta duk da al- ɗinta, kamar yadda ta yi wa alƙali da albarka da alkawari. Amma ta daɗe da zama 'yar gida. Kyautar da babba ya yi wa ƙarami alheri ce, kirkin da maƙwabci ya yi alheri ne, mai tafiya a ce ya sauka da alheri. Zaɓen ya yi kyau, gama ba wanda zai ji kalmar ya tambayi ma'anarta. Sai dai akwai wani giɓi. Bahaushe ya ce alheri gadon barci ne, ya ce kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duka biyu suna nuna mai yin alheri zai tarar da abinsa gaba. A zaman Hausawa alheri yana tafe da ramuwa, kamar yadda biki ya ke tsakanin mata: wadda aka kai wa ran sunan ɗanta ta san za ta mayar, har da ƙari. Alherin da ikkilisiya ke wa'azinsa kuwa ba shi da ramuwa, domin wanda aka yi wa ba shi da abin mayarwa. Wurare biyu cikin tarihi sun nuna yadda aka cike giɓin nan.

Na farko labarin Isawa ne. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba Isa wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watsu wajen Ningi da kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, suka riƙe abin da ya koya musu, ba su da Linjila ba su kuma taɓa ganin ɗan mishan ba. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Miller. Aka tattara waɗanda suka karɓi baftisma aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, da majami'a da makaranta da gonaki. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran aka kwashe su zuwa Zariya.

Bisa lissafin ramuwa, mutanen nan sun bar danginsu da garuruwansu, abin da suka tarar kuwa kaburbura ne. Da alherin da aka yi musu wa'azinsa lada ne na duniya, da Gimi ta ƙare maganar. Amma waɗanda suka tsira da yawa sun tsaya, suka zama ginshiƙin jama'ar Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa. Daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga jama'ar mishan ɗin Zariya kuma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East.

Wuri na biyu shi ne ya kawo maganar ƙasar Sakkwato. Daga wajen 1937 En'e-En'e suka yarda S.I.M. ta riƙe musu wuraren jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Bayara a Bauci, da Amanawa kusa da Sakkwato. Wannan ita ce ƙofa ta farko mai faɗi da aka buɗe wa masu mishan cikin ƙasashen sarakuna. A hayin Faransa ma S.I.M. ta zauna Damagaram tun 1924, sa'an nan Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi cikin 1950, da wurin kutare a Danja cikin 1956. Maganin farko allurar wani mai ne mai zafi, mai jinkirin aiki, sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta fara maye gurbinsa. Saboda haka majiyyaci ya kan yi shekaru a wurin, yana noma, yana koyon karatu, yana jin addu'ar safe.

Kuturu a garin Hausa ba a korarsa, yana da sarkinsa, yana kuma cin sadaka. Amma sadaka daga nesa a ke miƙa ta, mai bayarwa kuwa ladansa ya ke nema wurin Allah. A wuraren jinyar nan sai ga wani yana kama hannun da ya dungule, yana wanke gyambo kowace safiya, majiyyaci kuwa ba shi da abin biya. Ga wanda ya karɓi sabuwar bangaskiya a can, alherin da ba shi da ramuwa abu ne da ya gani a jikinsa kafin ya karanta shi a littafi. Wajibi ne mai tarihi ya faɗi ɗaya gefen kuma. Mafi yawan majiyyata Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita. Sarakuna sun yi ta ƙorafi kan koya wa yara addini, ƙorafin kuwa yana da tushe, gama in magani da wa'azi suna hannun mutum ɗaya, da wuya a rarrabe yarda da bukata. Duk da haka daga wuraren nan aka sami waɗansu daga cikin Hausawa na farko da suka zama malaman asibiti da masu bishara, suka koma ƙauyuka da littafi a hannu.

5. Addu'a

Musulmi ya rarrabe abu biyu. Salla farilla ce mai lokaci da alwalla da alƙibla da raka'o'i, da Larabci a ke yin ta. Addu'a kuwa roƙo ne, bawa ya ɗaga hannu ya faɗi bukatarsa da kowane harshe, a kowane lokaci. Da Kirista suka bar kalmar salla, sai addu'a ta ɗauki kaya biyu, nata da na salla. Ta zama roƙon mutum shi kaɗai, ta kuma zama ibadar jama'a mai lokaci: addu'ar safe, addu'ar iyali da dare, taron addu'a na tsakiyar mako. Haka kuma sujada, wadda a wurin Musulmi sa goshi a ƙasa ne, a wurin Kirista ta zama sunan dukan ibadar ran Lahadi, ko da ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Wannan ya sa maƙwabci Musulmi ya kan ɗauka Kirista ba su da ibada sai roƙo, Kirista kuma ya kan ɗauka addu'ar Musulmi ita ce sallarsa. Kowane yana auna kalmar da mudun gidansu.

Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin harshe shi ne, addu'ar nan da Hausa a ke yin ta, kuma a bainar jama'a. A Wusasa, bisa al'adar Angalika, akwai littafin addu'a da a ke bi. A ikkilisiyoyin da suka fito daga S.I.M. kuwa, waɗanda suka haɗu suka zama E.C.W.A. cikin 1954, mai jagora ya kan kira sunan kowa ya ce ya yi addu'a, manomi ko tsohuwa, ya tashi ya tsara magana da ka. Ta haka wani salo ya kafu, mai buɗewa da yabo da godiya, ya bi da neman gafara, sa'an nan roƙo domin marasa lafiya da matafiya da masu mulki da damina, jama'a su rufe da amin. Mai lura zai ji kalmomin fassarar 1932 cikinsa, irin su gama da madalla da tagomashi, waɗanda maganar yau da kullum ta fara saki. 'Yan Katolika sun shigo layin nan daga baya. An kafa musu yankin Sakkwato cikin 1953 a hannun limaman Dominikan daga Amurka, ya zama dayosis cikin 1964, babban taron Fatikan na biyu kuma ya ba da izini cikin 1963 a riƙa ibada da harsunan mutane maimakon Latin kaɗai.

Waƙa ma addu'a ce a wurinsu, nan kuwa aka sami matsala wadda ta shafi ilmin harshe kai tsaye. Waƙoƙin farko da aka tara cikin Littafin Waƙoƙi yawancinsu fassara ce daga Ingilishi, da muryoyinsu na asali. Karin waƙar Ingilishi yana bin inda a ke danna murya cikin kalma. Karin waƙar Hausa kuwa yana bin nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, ga kuma hawa da saukar murya da ke rarrabe ma'ana. In aka ɗora kalmomin Hausa kan muryar Ingila, sai a ja gajeren wasali, a datse dogo, murya ta hau inda ya kamata ta sauka. Jama'a sun saba da waƙoƙin nan, sun kuma ƙaunace su, amma gyaran ya zo daga wani wuri, kamar yadda za a gani a gaba.

Lokacin da addu'ar jama'a ta fi bunƙasa shi ne na shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na S.I.M. da shugabannin ikkilisiyoyi 'yan ƙasa suka tsara cikin 1963, aka fara shi cikin 1964 a lardunan Zariya da Filato. An ɗauko tsarinsa daga wani shiri irinsa da aka yi a Amurka ta Tsakiya. Tushensa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne, mutane kaɗan su taru a gidan ɗayansu, sau da yawa da asuba kafin a tafi gona, su yi roƙo domin maƙwabtansu da sunayensu. Shirin ya fid da addu'a daga majami'a ya kai ta zaure da tsakar gida, ya kuma fid da ita daga hannun fasto ya danƙa wa kowa.

6. Zumunta

Alheri da addu'a aro ne daga Larabci. Zumunta kuwa ta gida ce, daga zumu, watau ɗan'uwa na jini ko na aure, ta kuma ɗauki hakkin da ke tsakanin dangi: ziyara, da gudummawa, da zaman makoki. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ya shiga ikkilisiya daga gidan Musulmi ko na Maguzawa sau da yawa wannan ce ya fara rasawa, a daina cin abinci da shi, a hana shi aure, wani lokaci har gado. Da ikkilisiya ta kira zamanta zumunta, ta ɗauki alkawarin za ta tsaya a gurbin dangin da aka rasa. Don haɗuwar ikkilisiyoyi kuwa aka ɗauki kalmar tarayya, kamar a sunan Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa cikin 1955, wadda daga baya ta mai da Sudan ɗin Nijeriya.

Waɗanda suka fi riƙe alkawarin nan mata ne. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda kusan kowace ikkilisiya mai Hausa ke da ita, ita ce ke zuwa gidan mai jego da itace da hatsi, ita ce ke kwana gidan rasuwa, ita ce ke tara kuɗin kai majiyyaci asibiti. Duk inda suka je kuwa da addu'a su ke buɗewa, da ita su ke rufewa. Su ne kuma suka warware matsalar waƙa. Suka ajiye muryoyin Turawa, suka ɗauki salon waƙar daka da ta niƙa da ta dandali, mai bayarwa ta bayar saura su amsa, da kiɗan tulu da caki. Da ya ke da Hausa aka ƙaga waƙoƙin nan tun farko, nauyin gaɓa da muryar kalma suka koma wurinsu. Mace wadda ba ta iya karatu ba ta kan haddace labarin Yusufu ko na Ayuba ta hanyar amshi.

Nan ne maganar ta komo kudancin Sakkwato. Kiristan da ke zaune garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da na wajen Kebbe, yawancinsu baƙi ne da aiki ya kawo: malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da masu sana'a, daga Zuru da kudancin Kaduna da Filato da Kudu. Ba su da dangi a wurin, harsunansu na gida kuma dabam dabam ne. Abin da ya haɗa su Hausar littafi ce, wadda aka gina kan karin Kano da Zazzau. A kasuwa suna jin munka da sunka, suna jin shi zo da ɗiya, har su iya. In sun taru ibada kuwa sai muka da suka, ya zo da 'ya'ya. Waɗansunsu ba su rarrabe namiji da tamata cikin nahawu, ba su kuma furta ɗ da ƙ yadda Basakkwace ke yi, abin da ke sa a yi musu dariya. Amma a wurin da 'yan tsiraru su ke, in ɗaya ya kwanta ciwo ko ya yi rashi, waɗanda suka yi addu'a tare da shi ran Laraba su ne za su ɗauki gawar zuwa garinsu. A irin wannan zama kalmomin nan uku su ke haɗuwa: abin da aka koya musu Allah ya yi musu kyauta, shi su ke roƙo tare, shi kuma su ke yi wa juna.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fid da abu biyu domin malaman kwalejojin horon malamai. Na farko ya shafi harshe. Hausar ikkilisiya kari ce mai tarihi da ƙa'ida, tana da littattafai tun 1857, tana da salon addu'a da na waƙa waɗanda suka cancanci a tattara a yi nazarinsu, kamar yadda a ke yi wa waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi. Tsofaffin matan da suka ƙaga waƙoƙin Zumunta suna ƙarewa, yawancin waƙoƙin kuwa a ka su ke.

Na biyu ya shafi aji. Malami a Sakkwato ko Tambuwal yana iya samun ɗalibai biyu a benci ɗaya, ɗaya ya tashi da Ishiriniya, ɗaya da Littafin Waƙoƙi, dukansu suna cewa alheri da addu'a da sujada da almajiri, kowane da abin da ya ke nufi. Haɗarin da ke cikin maganar addini ba ɓoyayye ba ne. Malam Ibrahim ya rasa ransa a kanta a Kano, cikin Mayu 2022 kuma aka kashe wata ɗaliba Kirista a wata kwalejin horon malamai a Sakkwato bisa zargin ɓatanci. Darasin harshe ba zai kawar da sabanin aƙida ba, ba kuwa aikinsa ba ne. Abin da zai iya shi ne ya nuna wa ɗalibi inda kalma ta fito, da hannuwan da ta bi, da abin da maƙwabcinsa ke nufi in ya furta ta. Malamin da ya ɗauki kalma ɗaya, kamar alheri, ya sa ɗalibansa su tattaro yadda a ke amfani da ita a karin magana, da wa'azin malamai, da addu'ar majami'a, ya koya musu ilmin ma'ana, ya kuma sa sun saurari juna.